Sunaye Uku Ƙarƙashin Fenti

Da cikar teku suka turo shi kan yashin Gadani,
injinsa ya yi tari biyu ya yi shiru,
hancinsa ya nutse a taɓo
kamar tsohon sa da ya gane hanyar mahauta
bai ga amfanin gardama ba.
Ni Sherdil, mutumin Pasni, aka miƙa wa wutar yanka ƙarfe,
aka ce in fara daga goshi.

Na kankare fenti don wuta ta samu wurin ci,
sai ga suna a ƙarƙashin suna.
Na sama, Estrela, da farin fenti mai araha.
Na tsakiya, baƙaƙen Girka masu ƙaho da zobe.
Na ƙasa da walda aka ɗora shi, harafi bayan harafi,
shekara talatin da ɗaya ya ƙi gogewa.

Manolis, tsohon injiniyan da ya rako shi, bai tafi ba.
Kwana uku yana zaune kan gangar mai,
yana shan shayinmu yana ƙorafin zaƙi,
yana nuna min da yatsa mai rabin farce.

A Baltimore aka haɗa shi, in ji shi,
cikin kwana arba'in da bakwai,
maza sun tafi yaƙi, mata suka riƙe walda.
An ce in ya yi tafiya ɗaya ya biya kuɗinsa.
Ya ɗauki tankoki da gwangwanin nama
da takalman soja dubu goma sha biyu
zuwa Murmansk, inda numfashi ke daskarewa a gemu,
ƙanƙara ta mai da igiya kamar cinyar ƙato.
Jirage talatin suka fita a jere.
Na damansa ya kama da wuta cikin dare,
ba a tsaya ba. Doka ce, ba a tsayawa.
Suna jin kira daga ruwa har kiran ya ƙare.

Ka ga facin nan a haƙarƙarinsa na hagu?
Ɓaraguzan bam ne. Kukunsu, wani Eskil,
yana feraye dankali a bayan ƙarfen nan.
Aka naɗe shi a tamfol aka miƙa wa teku,
aka ci dankalin da yamma.

Da yaƙi ya lafa aka kwance masa bindigogi,
ga ramukan kusoshinsu can baya, tsatsa ta cike su.
Wani attajirin Kiyos ya saye shi a gwanjo
ya sa masa sunan uwarsa.
Alkama daga Rosariyo, gawayi, siminti, takin zamani,
sau ɗaya jakuna ɗari biyu masu kuka har Iskandariya.
Manolis ya shiga yana yaro mai zuba wa inji mai,
ya fito da furfura da kunne ɗaya mai ji.
Rana ta huɗu ya sa kan famfon tagulla a aljihu,
ya tafi, bai waiwaya ba.

Wata biyar muna cinsa kamar tururuwa da mushen fara.
Can ƙasa, inda ba a kaiwa sai da rarrafe,
na tarar da ƙwayar alkama ta tsiro fari fat, ba rana,
kusa da ita, kan ɗinkin walda miƙaƙƙe kamar na tela,
wani hannu ya rubuta L. P. da 1943
da ɗan fure mai ganye biyar.

Na kashe wutar. Na sha taba kara ɗaya.
Shugaban aiki yana ta tsawa daga sama.

Ƙarfen ya tafi Karachi a bayan tirela,
za a narkar da shi a yi rodi,
wani zai gina bene da shi, ya haifi 'ya'ya a ciki,
bai san gidansa ya taɓa kwana a Murmansk ba.
Guntun mai furen, faɗin tafin hannu,
na cusa a riga na wuce mai gadi.
Matata Mahganj tana danne murfin tukunyar shinkafa da shi.
Ta tambaye ni wace ce L. P.
Na ce wata tela ce, a wani gari mai nisa.